AIKIN SA-KAI DON KIYAYE SAURAN KURMIN BIRNIN IKKO

Duk wanda ya sauka a tashar Agege a yau, ya ga cinkoson gidaje da motoci da 'yan tireda, da wuya ya yarda cewa a farkon ƙarni na 20 wannan wuri gonaki ne da kurmi. Amma haka abin yake. A wancan zamani wasu attajiran Ikko, irin su J. K. Coker, sun kafa manyan gonakin koko da goro a Agege da Ifako, har a shekarar 1907 suka kafa ƙungiyar manoman Agege. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Ikko ta isa Ibadan a 1901, ta kuma haɗu da Kano a 1912. Daga nan fatake Hausawa suka riƙa saukowa da shanu da sauran kayan Arewa, suna komawa da huhunan goro, har zangonsu ya zama unguwa, unguwa ta zama gari mai sarki da limamai da kasuwanni. Ashe ke nan itace yana cikin abubuwan da suka kawo Bahaushe Agege. Yau kuwa sai mutum ya yi doguwar tafiya a cikin garin bai sami inuwar da zai tsaya ya huta ba.

Labarin Yaba ma bai bambanta ƙwarai ba. Bayan annobar da ta auka wa tsibirin Ikko a 1924, hukuma ta kafa ma'aikatar tsara gari a 1928, aka yanka Yaba da faffaɗan tituna da filaye, don jama'a su sami iska da sarari. Wanda ya san kasuwar Sabo da kewayenta a yanzu ya san abin da ya rage na wannan sarari.

Wannan darasi zai yi bayani ne a kan ɗan abin da ya saura na kurmi da fadama a cikin birnin, da irin aikin da talakawa za su iya yi da hannunsu, ba tare da jiran albashi ba, don kada shi ma ya bi sahun gonakin goro.

Lambu dabam, kurmi dabam

Ya kamata mai karatu ya fara bambanta abubuwa biyu waɗanda ake yawan haɗawa. Akwai lambun shaƙatawa, inda ake shuka furanni a jere, a aske ciyawa, a sa kujeru da lilo na yara. Irin wannan shi ne lambun Muri Okunola a Victoria Island, da na Ndubuisi Kanu da na Johnson Jakande Tinubu a Alausa, kusa da sakatariyar gwamnatin jiha. Waɗannan suna hannun hukumar kula da lambuna ta Jihar Legas, wadda aka fi sani da LASPARK, da aka kafa bisa dokar 2011. Akwai kuma wurin da aka bari kamar yadda aka same shi, da itatuwansa manya da ƙanana, da saiwoyi da kurangar daji, da taɓo da kwaɗi da tsuntsaye. Shi ne ake nufi da kurmi a cikin wannan darasi, ko da faɗinsa bai wuce filin ƙwallo ba.

Mafi girman misali shi ne gandun Lekki. Gidauniyar Kiyaye Halittu ta Nijeriya, watau NCF, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya jagoranci kafa ta a 1980, ita ce ta buɗe shi a 1990, da taimakon kamfanin mai na Chevron. Faɗinsa hekta 78, watau wajen eka 190. A cikinsa akwai kurmin fadama mai tukurwa da kwakwa, akwai kuma fili mai ciyawa. Akwai birai da kadoji da guza da kunkuru da tsuntsaye iri-iri. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadamar don kada masu ziyara su tattake tsirrai, daga baya kuma aka ɗaura wata gada mai lilo a tsakanin kawunan itatuwa, mai tsawon mita 401. Lokacin da aka keɓe wurin, yawancin Lekki daji ne da yashi. Yanzu gidaje da kantuna sun kewaye shi ta kowane gefe. Abin lura shi ne, mutane masu zaman kansu ne suka ga abin da ke tafe, suka haɗa kai, suka nemi fili, suka tsare shi.

Can gaba kuma a kan hanyar Epe akwai gandun LUFASI, mai faɗin wajen hekta 20, wanda Malam Desmond Majekodunmi ya kafa a 2013. Ana kiyaye wani babban itacen katako a wurin mai suna ekki, wanda saboda taurinsa aka daɗe ana sare shi don gadoji da shimfiɗar hanyar jirgi, har ya yi ƙaranci. Ana kuma kiyaye ungulu. Wani zai yi dariya ya ce ina ruwan mutum da ungulu. To, a 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke neman ƙarewa ta sa ungulun da muka sani a mahauta cikin waɗanda suka kai bakin halaka, kuma farautarta don sayarwa ga masu magani tana cikin manyan dalilai. Mahautan Oko-Oba da suka manyanta za su iya gwada yawan ungulun da suke gani a da da na yanzu. Inda ungulu ta ɓace, mushe yakan daɗe a ƙasa, karnuka da ɓeraye da ƙudaje su yi yawa.

Amfanin da ba a gani sai an rasa

Birnin Ikko yana kwance ne a kan ƙasa mai faɗi, kusan daidai da teku, kuma ruwan da ke sauka a kansa a shekara ya kusa ninka na Kano sau biyu. Fadama da kurmi su ne soson da ke shanye wannan ruwa, su riƙe shi, su sake shi a hankali. Idan aka cike fadama da yashi aka dasa siminti, ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi wata hanya, kuma hanyar ita ce ɗakin talaka. Mazauna birnin ba su manta da ruwan ranar 10 ga Yuli, 2011 ba, wanda ya wuni yana zuba, ya mamaye unguwanni da yawa, aka yi hasarar rayuka da dukiya.

A bakin tafkin Ikko, daga wajen Jami'ar Legas a Akoka, wadda ba ta da nisa da Sabo, ana iya ganin wasu itatuwa masu tsirowa cikin ruwan zartsi, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Waɗannan saiwoyi suna riƙe gaɓa kada igiyar ruwa ta zaizaye ta, kuma a tsakaninsu ne ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa suke girma kafin su fita sarari. Wanda ya sare su don itacen banda kifi ya rage kifin da zai banda a baɗi. Sauran amfanin, irin su inuwa da sanyaya iska da tace ƙura da hayaƙin mota, ba sai an tsaya bayani ba ga mutumin da ya taɓa tsayawa jiran mota a Oshodi da tsakar rana.

Me ya sa ba a bar wa hukuma ba?

Tambaya ce mai kyau, tun da jama'a suna biyan haraji. Amsar ita ce, hukuma tana iya yanka fili, ta kewaye shi, ta kafa doka, ta ɗauki mai gadi. Amma ɓarnar da ke kashe kurmin gari ba a rana ɗaya take zuwa ba. Yau wani ya zubar da kwandon shara a bakin shinge, gobe wani ya sassaƙe ɓawon itace, jibi makaniki ya jingina mota ɗaya, bayan wata shida wurin ya zama gareji, bayan shekara biyu an kafa bulo. Ma'aikacin da ke zuwa daga Alausa sau ɗaya a wata ba zai ga farkon wannan ba. Maƙwabcin da ke wucewa kullum da asuba shi ne zai gani.

An kuma gwada tilas an ga iyakarta. A zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda gwamnatin soja ta ƙaddamar a 1984, aka fito da tsabtace gari na Asabar ɗin ƙarshen wata, ana hana zirga-zirga da safe. Abin ya yi amfani a farkonsa, amma da tafiya ta yi nisa sai mutane da yawa suka mai da safiyar lokacin barci, yara kuma suka mai da tituna filin ƙwallo. A watan Nuwamba na 2016 gwamnatin jihar ta dakatar da shi. Aikin da mutum ya ɗauka da kansa, a wurin da ya sani, tare da mutanen da zai ji kunyarsu idan ya yi fashi, ya fi wannan daɗewa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin shi ne aikin gayya, sai dai gayya ta wuni ɗaya ce a ci tuwo a watse, wannan kuwa gayya ce ta shekara da shekaru.

Misalin ƙasar Kenya ya isa a tsaya a kansa. A gefen birnin Nairobi akwai kurmin Karura, mai faɗin fiye da hekta 1,000. A 1998 aka gano ana yanka shi a ɓoye ana raba wa masu hannu da shuni. Farfesa Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itace a 1977, ta ja mutane suka shiga kurmin da 'ya'yan itatuwa a hannu. A watan Janairu na 1999 'yan daba suka far musu, aka fasa mata kai. Jama'a da ɗalibai suka fusata, har aka janye gine-ginen. Amma ceto daga masu gini bai gyara kurmin ba. Ya ci gaba da zama maɓoyar ɓarayi, mutane na tsoron shiga, sai a 2009 da mazauna kewayen suka kafa ƙungiyar abokan kurmin Karura, suka ƙulla yarjejeniya da hukumar gandun daji ta ƙasar. Suka tara kuɗi aka kewaye shi da waya, aka ɗauki samarin unguwannin talakawa da ke maƙwabtaka da shi aikin gadi da share hanya, aka riƙa cire baƙin itatuwa ana mayar da na asali. Farfesa Maathai ta karɓi kyautar Nobel a 2004, sunanta ya zaga duniya. Masu cire ciyawa kowane mako kuwa ba wanda ya san sunansu a waje, alhali rabi na biyu na aikin nasu ne.

Abin da za a cire da abin da za a bari

A nan ne sabon ɗan sa-kai yake yawan yin kuskure, musamman wanda ya tashi a gona. Manomi idan ya ga sarƙaƙiya hannunsa yakan kai ga adda, domin a wurinsa wuri mai kyau shi ne wanda aka share tas. A kurmi ba haka ba ne. Busasshen ganyen da ya zuba shi ne takin ƙasar, shi ke riƙe danshi, don haka ba a share shi, balle a tara a ƙone. Kututturen da ya faɗi yana ruɓewa abinci ne ga gara da tsutsa, su kuma abinci ne ga tsuntsaye. Ko itacen da ya mutu a tsaye, idan ba ya barazanar faɗowa kan hanya ko gida, gara a bar shi, domin a kogonsa wasu tsuntsaye ke yin sheƙa. Ƙananan tsirran da ke ƙarƙashin manya su ne magadansu. Wanda bai san tsiro ba kada ya tuge shi sai ya tambayi ma'aikacin gandun daji.

Abin cirewa na farko shi ne shara wadda ba ta ruɓewa: ledar fiya-wata, robobin lemo, tsofaffin tayoyi, gwangwani, da farin mazubin abincin nan mai kama da soso, wanda gwamnatin jihar ta haramta a watan Janairu na 2024. Taya da gwangwani suna tara ruwa, sauro ya yi ƙwai a ciki. Birai da kunkuru kan haɗiye leda su mutu. Kuma kada a kwashe shara daga kurmi a jibge ta a bakin kwata, ruwa na gaba zai dawo da ita. A shirya da hukumar kwashe shara ta LAWMA ko 'yan kwangilarta tun kafin ranar aiki, don a san lokacin da mota za ta zo.

Na biyu shi ne baƙin tsirrai masu mamaye wuri. Akwai wata ciyawa mai ƙarfin wari wadda Yarabawa ke kira ewe Akintola. Asalinta daga nahiyar Amurka ne. Takan haye kan ƙananan itatuwa ta hana su rana, idan rani ya yi kuma ta bushe ta zama makamashin gobara. Sare ta daga sama aikin banza ne, domin gindin zai sake tohowa da ƙarfi. Sai an tuge ta da saiwa, lokacin da ƙasa ke da laushi, kuma kafin ta yi fure a farkon rani, domin irinta ƙanana ne masu gashi, iska ke kwasarsu. A cikin ruwa kuma akwai wata mai kama da kainuwa, mai shuɗin fure, wadda ta shigo ta wajen Badagry a 1984, ita ma asalinta Amurka ta Kudu. Takan rufe fuskar ruwa, ta tare kwalekwale, ta shaƙe kifi. A ƙaramin tafki ana iya janyo ta da manjagara a shanya a tudu har ta bushe. A babban ruwa aikin ya fi ƙarfin hannu, na hukuma ne.

Dashe da reno

Tun zamanin Gwamna Babatunde Fashola aka keɓe ranar 14 ga Yuli ta zama ranar dashen itace a Jihar Legas. A wannan rana manya kan fito, a dasa, a ɗauki hoto. Ba laifi ba ne, amma ranar dashe ita ce mafi sauƙi a rayuwar itace. Daminar Ikko kashi biyu ce: ruwa yakan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan ɗauke a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ke nan itacen da aka dasa a tsakiyar Yuli yakan shiga fari tun saiwarsa ba ta kama ba. Idan ba wanda ya ɗauki nauyin ba shi ruwa a waɗannan makonni, da kuma lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, to an yi hasarar kuɗin reno da na haƙa rami.

A haƙa rami ya fi ledar tsiron faɗi sosai, a yage ledar a cire ta gaba ɗaya, a dasa daidai zurfin da yake a da, a danne ƙasa, a rufe gindin da busasshen ganye. Sa'an nan a yi masa kariya. A Agege da sauran unguwannin da ake kiwo, awaki da tumaki sun fi fari kashe dashe, balle a makonnin da ke gaban Babbar Salla, lokacin da raguna ke cika kowane fili, masu neman harawa kuma suna yankar duk koren ganyen da suka samu. Ƙungiyar da ta san wannan za ta je wurin shugabannin 'yan tumaki tun da wuri a yi magana cikin mutunci, a nuna musu inda aka yi dashe. Sau da yawa magana ɗaya daga bakin mai unguwa ta fi shingen waya.

Game da irin itacen da za a dasa, kada a ce sai abin da aka saba da shi a gida. Dogon yaro, wanda aka kawo lardin Barno a 1928, ya yi wa garuruwan Arewa babban amfani, kuma yana yi a bakin titin Ikko. Amma a cikin kurmi gara a mayar da 'yan ƙasa, irin su loko da rimi da goro a tudu, tukurwa a fadama, domin su ne tsuntsaye da jemagu da ƙwarin wurin suka san amfaninsu.

Akwai wata ɓarna da ya kamata a yi wa masu sassaƙe bayani a kanta, tun da yawancinsu ba da nufin kisa suke yi ba. Abincin da ganye ke haɗawa yana sauka zuwa saiwa ne ta wata siririyar hanya da ke manne da cikin ɓawo. Idan aka ɗebi ɓawo ta gefe ɗaya, itacen zai iya warkewa. Idan aka zagaye gindin duka, an yanke wannan hanya, saiwa za ta mutu da yunwa, ko da ganyen ya ci gaba da kore har wasu watanni. Shi ya sa mai sassaƙe yakan rantse ba shi ya kashe maɗacin ba, domin ya bar shi da ransa.

Yadda za a fara

Gandun Lekki yana da nisa ga mazaunin Agege, kuɗin mota da cinkoson hanya ba za su bar shi zuwa kowane mako ba. Ziyara ɗaya ko biyu don ganin yadda ake aiki ta isa, kuma ƙofar zama ɗan ƙungiyar NCF a buɗe take ga kowa, tana kuma da ƙungiyoyin ɗalibai a makarantu. Ainihin aikin yana kusa da gida: gefen babbar kwata, bayan makaranta, kewayen maƙabarta, kusurwar lambun unguwa da aka yi watsi da ita. Mutum goma masu zuwa kullum sun fi ɗari masu zuwa ranar buɗewa.

Kafin a taɓa kome a nemi izni a rubuce. Bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, kuma kowane fili akwai ma'aikatar da ke da alhakinsa, ko LASPARK, ko ƙaramar hukuma, ko hukumar jiragen ƙasa idan a gefen dogo yake. A Jihar Legas sare itace ko rage rassansa ba da iznin hukuma ba laifi ne. Takardar izni tana kuma kare ƙungiya daga zargi, domin a garin da taku ɗaya na ƙasa ke jawo shari'a, baƙon da aka gani yana kafa shinge za a ɗauka fili yake nema. Saboda wannan dalili ne ya kyautu a sanar da Sarkin Hausawa da Baale na Yarabawa tare, a kuma sa 'ya'yan kowace ƙabila cikin ƙungiyar tun ranar farko.

Ɗan sa-kai ba ɗan sanda ba ne. Idan ya ga ana zuba yashi a fadama, ko ana kafa tarko, ko ana sayar da naman dajin da dokar 1985 ta hana kamawa, nasa shi ne ya rubuta rana da wuri ya kai rahoto. Kada ya shiga aiki ba takalmin roba mai tsawo da safar hannu, saboda maciji da fasasshiyar kwalba da allurar asibiti da ake samu cikin shara. Kada a ba birai abinci, domin birin da ya saba da hannun mutum yakan koma ƙwace da cizo, cizonsa kuma sai an je asibiti. Yara su yi aiki a gaban manya, nesa da ruwa mai zurfi.

Sakataren ƙungiya ya ajiye littafi ɗaya mai kauri. A ciki ya rubuta ranar kowane aiki, da sunayen waɗanda suka zo, da yawan buhunan sharar da aka kwashe, da kowane itace da aka dasa da sunan mai renonsa. Bayan shekara a ƙirga waɗanda suka rayu, domin wannan lissafi ne hukuma za ta duba idan aka je neman ƙarin tsirrai ko kayan aiki. A ware shafi don tsuntsayen da aka gani da watan da aka gan su. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos take tattara irin wannan bayani daga 'yan sa-kai a duk faɗin Nijeriya don zana taswirar tsuntsayen ƙasa, kuma ɗalibin sakandare mai wayar hannu da haƙurin zama shiru na awa biyu da sassafe zai iya shiga cikinsu.